Kalma Ɗaya-Ɗaya

Na'ura goma sha tara muka kafa
a bayan madatsar Maga,
daga bakin Pus har kusa da Girbidik,
kowace da faifan rana a ka
kamar mai tallan da ba ta kiran ciniki.

Hanyar iskar da suke magana siririya ce,
kafar allura ta fi ta faɗi,
batir kuma ba ya son surutu.
Sai muka rage musu harshe:
ke dai ki ce "i", ko ki ce "a'a".
Abin da kika ji a cikin laka,
damshin da ke hawa, ƙasar da ke nishi,
riƙe abinki.

Ni ce mai tara amsa,
Lantana 'yar Tanko mai gyaran rediyo,
a ɗaki mai fanka ɗaya da tsaka biyu.

Na san halin kowace.
Ta huɗu matsoraciya ce,
dorina ta yi atishawa sai ta ce "i".
Ta sha shida ta kurmance tun da aradu ta taɓa ta.
Ta tara ba ta taɓa yi mini ƙarya ba,
bakinta ɗaya da uku nake auna shi.

Daren Laraba, biyu da kwata,
bakwai suka ce "i",
goma suka ce "a'a",
biyu shiru.
Ruwa ne ya ci su, ko saƙon ya ɓace a hanya?

In na kaɗa jiniya a banza,
manoman shinkafa su kwashi yara da awaki su hau tudu,
gobe su sauko suna tsaki,
jibi ba mai tashi.
In kuwa na yi shiru...

Na ware ta huɗu gefe.
Sauran shidan maƙwabtan juna ne,
ta tara na tsakiyarsu.
Ƙarya ba ta iya jeruwa haka.

Na danna.

Da asuba Malam Gambo ya shigo, laka har gwiwa,
ya ce ɓarakar kamu uku ce,
sun cika mata baki da buhunan yashi.
Ya ce, wa ya gaya miki?
Na ce, babu wadda ta ga ruwan duka,
kalma ɗaya-ɗaya suka ba ni na haɗa.
Ya kurɓi shayina,
ya ce, to, a gaishe su.

Rana ta fito, tafki ya kwanta.
Ta huɗu har yanzu "i" take cewa.