Kwalin Kwamared Barau

Ni ne mai shayin bakin masaƙar Kakuri,
shekara talatin ina dafa masa ruwan bunu.
Ba ya shan madara, wai sai ranar
da ɗan lebura ya samu tasa.

Barau Jatau, ɗan mai gyaran layin dogo,
a jikin buhun auduga ya koyi haɗa baƙi.
Jar hula, jar tuta mai guduma da lauje,
takalmi ɗaya, dunduniyar hagu ta cinye.
In ya hau benci a bakin get
har injin saƙa kan sassauta murya.

Da jam'iyya ta ɗora shi a kujera
muka ce shi ma zai ajiye tumbi.
Sai ya ɓalle kwaɗon akwatin kuɗi,
ya manna lissafi a bango, kowa ya gani.
Ya ce wanda aka kora don ya yi tambaya
ya dawo ya maimaita ta da ƙarfi.
Ya ce a daina ɗaga hannu a gaban shugaba,
a jefa ƙuri'a a kwali, ba mai leƙe.

Tsofaffi suka ce ya sayar da gida,
samari suka ce tafiyar hawainiya yake.
Wanda ya buɗe taga don a sha iska
ya gayyaci ƙuda bai sani ba.

Kwalin da ya kawo shi ya kayar da shi,
ƙuri'a goma sha ɗaya tsakani.
Daren nan ya zo teburina ya zauna,
ya ce, Ɗanlami, yau ƙara mini sukari.
Ban ga hawaye ba. Ya biya, ya bar canji,
ya taka zuwa Makera a ƙafa.

Yanzu masaƙa shiru, ciyawa ta cinye get,
awaki ke kwana inda ake rini.
Jam'iyya ta tsage uku, kowa da hatiminsa.
Wata Laraba muka kai shi Tudun Wada ana yayyafi,
sahun bai kai huɗu ba.
Har gobe wasu in an ambace shi sai tsaki.

Jiya 'yan keke sun yi zaɓe a tasharmu.
Na hango kwalin taliya an huda masa baki.
Wani yaro ya miƙe ya ce, ina lissafin bara?
Na tambaye shi ko ya san Barau,
ya ce wane Barau?

Na zuba masa shayi, na cika madara,
ya miƙo kuɗi, na kau da kai.