Ɗaki Na Tara

A Lesta, ƙarfe biyun dare,
sa'ar da bututun ɗumama ɗaki ke tari cikin bango,
suka ce: Tsahara, zo,
tsohuwar ɗaki na tara ta daina jin Turanci.

Shekara arba'in tana cinikin albasa da shi,
tana faɗa da direban bas da shi,
yau ya tsiyaye daga bakinta
kamar gero a buhun da ɓera ya huda.
Faransanci kaɗai ya saura a ƙasan buhu.
Ni kuwa 'yar Damagaram,
da tsumagiya aka ɗura mini shi a lakwal,
ban san a Ingila zai yi mini rana ba.

Sunanta Sundarambal.
Garinsu Pondisheri, in ji ta, a bakin teku.
Kusa da kofin haƙoranta akwai littafi,
bangonsa ya koɗe,
a bayansa hoton wata mai baƙin gashi
tana kallon duniya kamar tana bin ta bashi.
Ɗanta ya ce huɗu ta rubuta,
duka kan mutanen da kansu ya taɓu.

Na buɗe, na karanta mata:
wani tela, Arulappan,
yana jin teku na kiran sunansa cikin keken ɗinki,
sai ya bi aljihunan mutane yana ɗinkewa
don kada muryoyi su sami wurin kwana.
Jimlolin dogaye, masu santsi,
har harshena ya yi ta zamewa.

Ta ɗaga yatsa.
Wa ya rubuta wannan?
Na yi shiru.
Ta ce, ko wace ce, ta taga ta leƙa,
ba ta shiga ɗakin ba.
Ta fesa wa abin turare.
Babu teku, yarinya.
Neman takalmi ne, alhali yana ƙafarki.
Kunya ce, idan baƙo ya kira ki uwa
kuma kowa ya tsaya yana jira ki gane shi.
Ki gaya mata ta sake.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Na kife littafin, hoton ya koma ƙasa.

Sai Kawu Ilu ya faɗo mini,
ƙafarsa cikin turu a bayan rumbu.
Iska ce, haka manya suka ce.
Mu yara mukan tura masa ƙwaryar tuwo da kara,
mu ruga.
Shekara bakwai yana magana, dare da rana,
ba wanda ya tsuguna ya ji me yake cewa.
Shi ko turaren ƙarya bai samu ba.
Ban san wanne ya fi ba,
a rubuta ka ba daidai ba,
ko a share wurin da ka zauna
kafin a dawo daga maƙabarta.

Ta ce in ba ta alƙalami.
Na ciro nawa daga aljihu, na haɗa da takardar abincin gobe.
Ta duƙufa,
numfashinta na fita da ƙaramin fito,
ruwa na ta zane a gilashin taga.

Da asuba ta yi barci, takardar na kan ƙirjinta.
Na duba.
Ba Turanci, ba Faransanci:
wasu haruffa ne zagayayyu, masu lanƙwasa
kamar sawun tsutsa a jiƙaƙƙen yashi,
harshen da aka yi mata tawai da shi.
Layi goma sha ɗaya.
Duk asibitin nan, a daren nan, ba mai karanta su.

A kundin aiki na rubuta:
Ta sha ruwa rabin kofi.
Ta yi barci awa biyu.
Wurin da aka ce "yanayin hankali"
na daɗe da alƙalami a sama,
har mai karɓa ta ta shigo tana karkaɗe lema.