Ba Ka Ce Mini Kana Naɗa Ba

Daren Laraba ka kira ni, Ɗantani,
na fake wa ruwa a ƙarƙashin gadar Kawo.
Na faɗa maka abin da ko matashin kaina bai sani ba:
kuɗin adashen da na ci,
da hawan jinin da nake ɓoye wa Laure.

Ran Juma'a, a teburin mai shayin Unguwar Sanusi,
na ji kaina ina magana a aljihun wani.
Har tarina. Har "don Allah ya tsaya nan."
Shayi ya huce a hannuna.

Lauyan Magajin Gari ya gyara tabarau,
ya ce wata ƙasar sai baki biyu sun yarda kafin a naɗa,
wata kuwa yardar mai wayar ta isa.
Na ce, amana fa, a wane sashe take?
Ya duba agogo.

Magana zarar bunu ce,
amma na da ba su san bunun da ake adanawa ba,
a raba wa mutum ɗari kafin la'asar.

Da dare barci ya ƙi.
Na lalubo abin da na shekara uku ina ɓoyo:
Inna, daga Maƙarfi, tana tambaya ko na ci abinci.
Ita ma ban tambaye ta ba.
Yanzu babu layin da zan kira in nemi izini.

Na danna. Ta sake cewa, "Kana ji na?"
Ina ji, Inna.