Takobin Kofur Cindo

Daga Bama ya zo da shi, naɗe cikin bargon soja,
bai taɓa faɗin hannun da ya karɓa ba.
Shekara sittin yana rataye bayan ƙyaure,
ko kubensa an hana mu shafawa.

Bayan sadakar arba'in na kai shi Maƙera Assada.
Maidamma ya ajiye masaba,
ya ture ɗan tsinken gorar da ke riƙe da ƙota,
ƙotar ta zame.
"Wanga ba ƙirarmu ta ba.
Dubi bakin, ruwa ke gudu ciki kamar Rima da damina.
Kada ka kankare tsatsar gindi,
nan maƙerin ya bar sunanai."

A faifan da ke tsare hannu
mazari biyu ne, ɗaya ba fiffike.
A kube, guntun ƙyalle mai rubutu kamar sawun kaza.

Wata bakwai muna aika hoto
kafin wata tsohuwa ta amsa: na babana ne.

Na naɗe shi da jar fatar akuya, kwali cikin kwali.
A gidan waya ma'aikaci ya ɗaga biro:
"Makami ne, ko tsaraba?"
Na duba takardar sama da ƙasa.
Ba su bar gurbin amana ba.