Mudu Biyu

Ran wata Talata Amponsa ya shigo Aboabo
da igiyar awo a aljihu,
ya yi sallama da Hausarsa mai gishirin Asante,
ya ce gida ya zo kimantawa.

Na ba shi kujerar marigayi Baba Ɗan'azumi,
wadda bulo ke riƙe mata ƙafa ɗaya.
Ya ƙirga ɗakuna, sha ɗaya,
har da mai tsagaggen kwano
inda bokiti uku ke kwana da baki buɗe.
Ya ƙirga shagon da nake tuƙa wake da shinkafa.
Ya ɗaga kai ya dubi mangwaro,
na ce, shi ma zai biya?
Bai yi dariya ba. Ya rubuta.

Bayan wata biyu takarda ta iso.
Ashe a gidan zinariya muke kwana ba labari!
Sidin da suka ɗora wa bangon nan,
goron da Baba ya yi shekara talatin yana kaiwa Arewa
bai taɓa tara su ba.
Na sayar da tunkiya, na biya.

Bana ga Amponsa kuma.
Tumbi ya ɗan fito, igiyar dai ita ce.
Wai hukumarsu na neman mazauni,
tana da ikon saye, da ba da haya,
da cin bashin banki ta ta da bene.
Namu na bakin titi, ya yi musu.

Sai ga idonsa ya waye.
Ya ga tsagar bango, ya ga gara a ƙyaure,
ya ga zanen da ambaliya ta bari daidai gwiwa.
Ya faɗi kuɗi. Ko rabin na bara.
Kuma in an gama gini, in ji shi,
za a ba ni hayar shago a ƙasa, da rangwame.
Haya, a inda aka binne cibiyata.

Na ɗauko takardar bara daga ƙarƙashin katifa,
mai hatimi, mai sa hannu kamar sawun kaza.
Na ce, a Kejetiya mai mudu biyu,
na saye daban, na sayarwa daban,
mun san sunan da muke kiransa.

Ya daɗe yana kallon hannunsa a jikin takarda.
Ya nemi ruwa.
Can ya ce, ɗaki ɗaya yake haya a Asawase,
kuma tun da ya auna gidan
mai gida ya ninka masa.

Na zuba masa wake, na sa ƙwai.
Kuɗin kuwa na karɓa cif,
da mudun da nake auna wa kowa.