Bakwai Cikin Goma

Na haye gadar Kaduna da takardu ɗari a jaka,
kowace da tambaya goma sha biyu.
Kakuri, ranar Talata, hantsi ya dubi ludayi.
Na bi layin bayan tsohuwar masaƙa,
inda ciyawa ta cinye ƙofar da dubbai ke shiga a da.

Na yi sallama gida ɗari.
"Kana da aiki?" "Babu."
"Kina da aiki?" "Ina fa, 'yar nan."
Da dare na tara, na raba, lissafi ya fito tsaf:
bakwai cikin goma zaman banza suke.
Na ja masa layi biyu,
na kwanta kamar wadda ta tsinci dami a kala.

Dakta Tabawa ba ta ce na yi ƙarya ba.
Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi.
"Ƙarfe nawa kika je?"
"Goma na safe."
"Mai aiki yana gida ƙarfe goma?"
Fanka na ta juya zafi a ofis.
"Mene ne a wuyanki?"
"Katin shaida."
"Su kuma, wa suka zaci ya aiko ki?"

Na koma ran Asabar bayan la'asar, wuya babu kati.
Ladi Yohanna, wadda na rubuta wa babu,
na tarar tana ƙulla zoɓo a leda,
firiji biyu na gurnani a bayanta.
Ta yi dariya har da tafi:
"Na ɗauka masu rabon tallafi ne.
Wa ke cewa ya ƙoshi a gaban mai rabo?"

Baba Bawa, tsohon ma'aikacin masaƙa,
hannu duk baƙin mai, yana kwance keken ɗinkin wani:
"Aiki kika ce.
Aiki shi ne mai jiniya da albashi.
Wannan ai neman kuɗin cefane ne."
Kalma ɗaya muka riƙe, ni da shi,
kowa da inda ya ja ta.

A rumfar Iya Gambo na zauna cin tuwo,
na ga ta zura ludayi har gindin tukunya,
ta juya, ta juya, sannan ta ɗiga a tafin hannu.
"Mai sama yake tsayawa," in ji ta,
"daddawa ta kwanta ƙasa.
Wanda ya lasa bai juya ba,
bakinsa bai yi ƙarya ba, amma bai san miyar ba."

Yanzu lissafina ya koma huɗu cikin goma.
Da fensir na rubuta shi.
A ƙasa na ƙara: ban shiga Makera ba,
gida tara sun ƙi buɗe mini,
ban san abin da za su ce ba.

Jiya a Keke Napep rediyo ya ce bincike ya nuna.
Direba ya gyaɗa kai.
Ni kuwa sai na ji bakina yana tambayar akwatin:
ƙarfe nawa kuka je?