Kwalbar Gado Na Sha Huɗu

Ƙarfe uku na dare a Manaus,
ruwa na dukan kwanon ɗakin gwaji,
ni da injina kaɗai ke ido biyu.
Josimar ya sauko da kwandon kwalabe,
gumi ya jiƙa masa takunkumi.
Ya dire, ya juya, ko sannu babu.

Ban san fuskar kowa ba a hawa na uku.
Jininsu na sani.
Gado na sha huɗu, Edivaldo Pantoja, sittin da ɗaya.
An rubuta sana'arsa a gefen takarda:
mai toshe jiragen ruwa.

Inji ya juya kwalbarsa minti goma,
ta fito biyu, ja a ƙasa, rawaya a sama,
kamar can bayan gari inda kogunan nan biyu
ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, sun ƙi garwaya.

Kowa na cewa cutar huhu ce.
Haka ne, amma ba a nan ta yada zango ba.
Kowace jijiya tana da shafe a cikinta,
bai kai kaurin bawon albasa ba,
santsinsa ke sa jini ya wuce
bai tsaya gaisuwa a hanya ba.
In cuta ta karce shi, ɓurɓushinsa ya zube,
jini ya ji kaushi, ya fara cincirindo guda-guda,
ƙananan ƙofofi su rufe a huhu, a ƙoda.
Ɓurɓushin nan nake ƙirgawa.
Ina kallon abin da ambaliya ta kwaso
in faɗi girman gidan da ya rushe.

Na Edivaldo ya ninka na mai lafiya sau biyar.
Na sake gwadawa. Biyar ɗin dai.
Na kira Likita Marluce,
ina jin na'urorin numfashi na huci a bayanta.
Ta ce, "To. Na gode, Valdirene."
Na san wannan to ɗin.

Mutumin da ya shekara arba'in
yana cusa zare da ƙaro a tsagar katako
don kada ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba,
yau nasa jirgin ke yoyo ta ciki,
kuma ba gaɓar da za a kife shi a duba.

Amma lamba ba alƙali ba ce.
Matar gado na shida, makon jiya,
ɓurɓushinta kaɗan, har na yi murmushi.
Ran Laraba aka naɗe katifarta.
Lamba takan ce, cikin goma masu irin wannan
da yawa ba sa tashi.
Ba ta taɓa nuna mini da yatsa
wane ne cikin goman ba.

Talata, biyar.
Laraba, biyar da rabi.
Alhamis na manta cin abinci.
Juma'a, huɗu, na zargi injin da yi mini ƙarya.
Asabar na jera kwalabe a tebur,
sha biyu, sha uku, sha biyar.

Dalili biyu ke hana kwalba saukowa,
kuma Josimar ya san wanne ne.
Na dube shi, ya dube ni,
na ce ya rufo ƙofa, akwai sauro.

Lahadi ma ban tambaya ba.

Litinin da asuba, kwandon ɗakin jinya na ƙasa,
can ƙarƙashin na masu karaya da masu ciwon suga,
rubutu a karkace: E. Pantoja.
Na riƙe ta a tafi, da sauran ɗuminta.
Minti goma inji na juyi,
ni ina tsaye kamar wadda aka dasa.

Uku.
Har yanzu ya yi yawa, na sani.
Jirgin na yoyo,
amma mai shi na kwarfe.